In Zarto Na Gudu, Kada Ka Waiwaya

Isuhu ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa motar da ta ɗauke ka kai da injin ta sauke ku Barmu lafiya, ba abin da ya karye a jikinka ko a nasa. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a wurin aiki, ya bar maka hannuwanka biyu yadda ya ba ka su. Ka gaishe mini da kawunka Dawuda da duk mutanen gidansa. Innarka tana gaishe ka. Ta ce kada in cika maka kunne da surutu. Zan cika shi.

Ba labarin gida zan ba ka ba, lafiya ka baro mu. Magana guda ce ta zaunar da ni rubutu. Yayana, Baba Alhajinku, ya ce ranar kasuwar Barmu mai zuwa zai same ka can, tare da wani mutum da ke son sayen injin zarton nan. Nufinsa a sayar, kai kuma ka bi 'ya'yansa Abijan ka tsaya musu a shago, yadda mazan gidanmu suka saba. Ni na ce ba za a sayar ba, kuma ba za ka tafi ba sai in kai da kanka ka so. Ka ce mini ba ka so. To ka tsaya a kan maganarka, ni ma ina tsaye a kan tawa.

Sai dai tsayuwar baki kaɗai ba ta isa ba. In ka yi wa injin nan riƙon sakaci ya ji maka ciwo, ka ba Baba Alhaji gaskiya da hannunka, ni kuma ba ni da sauran abin faɗi. Kana Ƙonni wurin maigidanka kana koyon aikin hannu lokacin da na sayo shi, don haka abin da ya faru tsakanina da shi guntu-guntu ka ji a bakin mata. Yau za ka ji shi daga bakina. Na san ka fi ni iya goge katako da haɗa ƙofa. Amma injin nan na riga ka saninsa, kuma da kuskure na san shi.

Ka san bayan na yi ritaya daga ofis na shiga makarantar koyon sana'a, na zauna benci ɗaya da yaran da na yi jika da su. Matasan da ke shan shayi a bakin layinmu, in na fito da shuɗiyar rigar aiki, sai su ce, “Ga ɗan lakwal mai hurhura, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa!” Nakan ce musu amin. Watan jiya aka ba ni takardata. Daga nan tsokanar ta ƙare, har ɗayansu ya zo yana so in gyara masa bencin shayin. Na gyara. Na faɗa maka wannan ne don ka san dariyar mutane ba ta taɓa hana ni barci ba. Injin ne ya hana ni, don ni mutum ne mai tsoro, kuma ba na jin kunyar faɗi.

Kuskurena ya fara tun daga wurin saye. Wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi ne ke kawo tsofaffin injuna. Da na je, ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya sa aka zuba mini shayi, yana ta kirana Mushe, wato maigida da Faransanci. Ya bubbuga jikin injin ya ce, “Mushe, wanga ko icen gawo ka ba shi, kamar tuwo shike yanka shi.” A makaranta an gaya mana mu karanta ɗan farantin ƙarfen da ke manne a jikin moter kafin komai. Na ga farantin, yana can ƙasa kusa da ƙafar injin. Amma na ji nauyin in durƙusa a gaban mutumin da ya ba ni kujerarsa ina leƙen kayansa kamar ina tuhumarsa. Na sha shayi na ce a ɗaura. Sai da muka kai gida mai gyaran wuta ya durƙusa ya karanta: moter na babbar wuta ne, mai layi uku, volt ɗari uku da tamanin. Ta gidanmu ɗari biyu da ashirin ce. Injin ya daɗe a zaure ba ya ko tari, kaji na kwana a ƙarƙashinsa, kafin in sami moter da ya dace a canza. Wanda ke jikinsa yanzu shi ne na canjin, zai tashi da wutar gida, zai kuma tashi da gurup ɗin kawunka, wato janaretonsa, in wuta ta ƙi.

Mutumin bai yi mini ƙarya ba. Ban tambaya ba ne. Kai duk abin da za ka saya wa injin nan, ko ran da Allah ya hore maka wani, ka durƙusa ka karanta. Ka buɗe ƙofofinsa biyu, ka juya ƙafar sama da ta ƙasa, wato manyan tayoyin nan biyu na ciki, da hannu ka ji ko suna gurnani, ka duba robar da ke bakinsu ko ta tsage, ka ce a tayar maka da shi ka gani. In mai kaya ya ɓata rai, ka ba shi haƙuri, ka ci gaba da dubawa. Shayin da ya ba ka ba shi zai yanka maka katako ba.

Ruwan zarton, wato ɗamarar ƙarfen nan mai haƙora da ke zagaya ƙafafun biyu, kada ka taɓa sayensa da ka. Tsawonsa ɗaya ne tak da ke shiga injin nan. Na sa maka wani da ya tsinke a cikin akwatin kayan aiki, kada ka yar, shi ne ma'auninka, ka riƙa tafiya da shi kasuwa. Mai faɗi na yankan miƙe ne, siriri na lanƙwasa. Kuma kowane katako za ka yanka, ka tabbata aƙalla haƙora uku suna cikin kaurinsa a lokaci guda, in ba haka ba zai riƙa fizgarsa maimakon yanka. Ranar farko da na ɗaura ruwan da kaina, na ɗaura shi a juye, haƙoran suna kallon sama. Na tura katako, ba yanka, sai hayaƙi. Na ƙara ƙarfi, hayaƙi ya ƙaru. Innarka ta leƙo daga cikin gida ta ce, “Malam, mi kake gasawa ba ka sammana ba?” Haƙora ƙasa suke kallo, wajen tebur. Kafin ka taɓa ruwan, ka cire wayar daga bango, ba maɓalli kaɗai za ka kashe ba. In ka tashi daga aiki da yamma ka sassauta ruwan, don ya sha zafi ya miƙe, in ya huce yana ɗaure zai matse robar ya lalata ta. Da safe ka sake ɗaurewa, ka juya ƙafar da hannu ka ga yana tafiya a tsakiya, sannan ka rufe ƙofofin.

Sai wurin ajiye shi. Na kafa shi a kan daɓen zaure, na ce nauyinsa ya isa ya riƙe shi. Da ya tashi sai ya kama rawa, daɓen ya fara fashewa, injin yana matsawa kaɗan-kaɗan har ya jingina da bango. Duk layin da na ja a katako, yankan sai ya bi wani wuri daban, ina ta zargin idona. Kada ka yanka ko sanda kafin ka zuba siminti mai kauri, ka dasa ƙusoshi huɗu a ciki, ka bar shi ya bushe sosai ko da kawunka na ce maka mutane na jira. Ka ɗora ma'aunin ruwa irin na magina a kan tebur ta kowane gefe, ka ga ya zauna daidai. Ka bar fili a gabansa da bayansa wanda dogon katako zai wuce bai daki bango ba. Ka sa mai wuta ya binne maka wayar ƙasa, don kada wuta ta ja ka ta jikin injin. Zai ce maka ba dole ba ne, kowa haka yake aiki. Ka ce masa babanka ya ce dole ne.

Akwai wata rana da har yanzu ban manta da ita ba. Ina tsakiyar yanka aka ɗauke wuta. Na jira kaɗan, aka kira azahar, na yi alwala na tafi masallaci. Ban kashe maɓallin ba, don a ganina abin da ya mutu ba a kashe shi. Muna cikin salla aka kawo wuta. Injin ya tashi shi kaɗai a zauren da kowa ke bi ya shiga gida, da katako a bakinsa. Innarka ta fito a guje, ba ta san inda ake kashe shi ba, sai ta je ta sauke wutar gidan gaba ɗaya. Na dawo na same ta zaune a dokin ƙofa ta miƙe ƙafa ta tare hanya, kada wani ya shiga. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, “Nuna mini inda ake kashe shi.” Na nuna mata. Kai da wuta ta ɗauke, hannunka ya fara zuwa maɓalli kafin bakinka ya yi tsaki. Kuma ka nuna wa matar kawunka inda ake kashewa tun ranar farko.

Katako kuwa, ka san halin ƙasarmu. Sabo daga kudu yake zuwa, ba kowa ke iya sayensa ba. A Barmu abin da za a riƙa kawo maka tsofaffin ƙyamare ne, da allunan jikin amalanke, da guntayen itacen da aka sare a gona. Na taɓa karɓar wata tsohuwar ƙofa daga hannun wata dattijuwa, ta ce in fitar mata da kujera 'yar tsugunne. Na duba ban ga ƙusa ba. Ashe kan ƙusar ne ya karye, jikinta yana ciki. Sabon ruwa ne, ya tsinke da ƙara kamar an harba bindiga. Allah ya sa ƙofofin injin a rufe suke, ya tsaya a ciki. Ka sami mayen ƙarfe, ko na tsohuwar rediyo ne, ka bi kowane tsohon katako da shi. Ka goge yashin da ke jikinsa da buroshi, yashi na cin haƙora fiye da itace. Kututture mai zagaye kuma, irin na itacen bedi da za a kawo maka, kada ka tura shi haka nan, zai mirgina ya ja hannunka. Ka kafa shi a kan allo da ƙusa daga gefen da ruwa ba zai bi ba, allon ne za ka tura. Ƙarfen da ke riƙe ruwan daga sama ka sauko da shi har ya kusa taɓa katakon, kada ka bar haƙora a fili fiye da abin da yankan ke bukata. In yanka ya zo ƙarshe, sanda ke turawa, ba yatsa ba. Babbar riga da rawani da casbaha a wuyan hannu, duk a rataye su a ƙusa kafin a tayar da inji, ko da daga masallacin Juma'a ka fito kuma aikin na ɗan lokaci ne.

Duk waɗannan malaminmu ya faɗa mana a makaranta, ko yana cikin takardun da aka ba mu. Wanda zan gaya maka yanzu babu shi a takarda, don waɗanda suka ƙera injin ba su san gidanmu ba.

Na kafa injin ne bayana yana kallon ƙofar zaure. Wata rana da hantsi ina fitar da lanƙwasar bayan kujera, Yaya ya yi sallama. Ka san yadda aka rene mu. Tun ina yaro, in Yaya ya yi sallama, ko fura nake sha sai in ajiye ludayi, in juya, in durƙusa. Babanmu ya rasu ina ƙarami, Yaya ne ya kai ni lakwal, shi ya yi mini aure. Don haka ranar ban yi wani tunani ba. Wuyana ya juya da kansa, bakina ya amsa, hannuna na hagu kuma ya ci gaba da tura katakon. Ban ji zafi ba da farko, kamar an ɗan daki yatsan da tsinke ne. Sai da na ga fuskar Yaya na duba hannuna. Gaɓar sama ta manunina ta tafi.

Zan faɗi gaskiyarsa, don ba na so ka raina shi. Yaya ne ya warware rawaninsa ya ɗaure mini hannu. Shi ya tare ɗan kabu-kabu, ya sa ni a tsakiya ya zauna a baya yana riƙe da ni har asibiti, mutumin da ya ce ƙafarsa ba za ta taɓa hawa babur ba. A can na ga yana share ido da hannun riga. Wanda zai zo maka Barmu ba maƙiyinka ba ne. Mutum ne da ya ga jinin ƙanensa a kan tebur, ya kasa mantawa.

Da na warke na koma aiki, na yi wa kaina alkawari: in zarto na gudu, ba na waiwaye, ko wa ya yi magana. Ban gaya wa Yaya ba, wannan ma kuskure ne, da na je na same shi tun kafin. Ya sake zuwa, ya yi sallama. Na ji shi sarai. Wuyana har ya fara motsi, na danne shi. Ya sake yi. Ya yi ta uku. Na ƙarasa yankan, na kashe injin, na jira ruwan ya tsaya cik, na juya zan durƙusa. Babu kowa a ƙofa. Na bi shi gida, aka ce ya kwanta.

Ranar sunan jikarsa, a gaban dangi, ya ce, “Injin ga ya cinye ma Mamman yatsa, yanzu kuma ya cinye mai ladabi. A hidda shi daga zauren ubana.”

Na ce, “Yaya, ladabin ne ya cinye yatsan.”

Ya ce, “Kun jiya? Har maida magana ya koya a lakwal ɗin tsufa.”

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Gidan da muke ciki na babanmu ne, shi kuma Yaya shi ne babban gida, zaure nasa ne, don haka na fitar da injin kamar yadda ya ce. Amma injin nawa ne, ba gadon gida ba ne, kuma ni na ba ka. Shi ya sa yake Barmu yau, a gidan dangin innarka, inda kawunka ya ce ga ɗaki ga wuta. Na je na tambayi limaminmu ko na yi laifi da na jinkirta amsa sallama. Ya dubi hannuna ya ce wanda ke tsare jikinsa daga cuta, in ya jinkirta kaɗan sannan ya amsa, shi bai ga laifinsa ba. Da ya ce akwai laifi ma, Isuhu, da na nemi gafarar Allah na ci gaba da yin haka.

Barmu za ta fi garinmu Tawa wuya a wannan fanni. Can duk wanda ya shigo ko kawunka ne ko kakanka, kuma ba sa gaisuwa guntuwa. Za su tambaye ka gajiya, da gida, da innarka, da mutanen Tawa, da ruwan bana. Sannan mutanen kirki ne, in sun ga kana fama da dogon katako, wani zai ajiye sandarsa ya kama ɗaya bakin ya ja don ya taimake ka. Wannan jan shi ke karkatar da ruwa ya tsinke, ko ya kai hannunka inda ba ka aike shi ba. Don haka ga abin da nake so ka yi. Kada ka kafa injin a zaure, ka kai shi ɗakin baya. Ka kafa shi fuskarka na kallon ƙofa, yadda ba wanda zai yi maka magana daga bayanka. Ka gitta gora a ƙofar duk lokacin da zai tashi. Mai taimako guda za ka zaɓa, babba mai hankali, ka koya masa ya tallafi katako kawai, kada ya ja. Kuma kafin ka yanka komai, ka roƙi kawunka ya faɗa wa mutane a ƙofar masallaci bayan salla cewa in sun ji ƙarar inji, ɗan 'yar'uwarsa Hadiza ba ya amsa sallama sai ya kashe, ba raini ba ne. Kada ka bari sai wani dattijo ya tsaya ya yi uku ya juya, kamar yadda na bari.

Duk da haka wasu za su ce ɗan birni ne, ba shi da tarbiyya. Bar su su faɗa. In ka kashe inji, ka fito ka tsallake gorar, ka cire hula in ka ga dama, ka durƙusa har ƙasa, ka gaishe su gaisuwar da ta fi wadda suka saba, ka raka su har bakin hanya. Wanda ya gane ya gane. Wanda bai gane ba zai dawo ran da ƙofarsa ta ɓalle, don babu wani injin a kusa.

Jiya bayan motarku ta tashi na tafi wurin Yaya. Na same shi a kan buzunsa a ƙofar gida, na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi ƙafa, na tambaye shi mutanen Abijan. Ya amsa a taƙaice. Sannan na ɗora hannuna na hagu a kan gwiwarsa.

Na ce, “Yaya, ban taɓa ƙin maganarka ba sai wannan. Ka ce a sayar don kana tsoron abin da ka gani, na sani. Ni ma ina tsoro, na fi ka ma. Amma yaron ga yana da sana'a a hannunsa, ba zai je ya tsare shagon wani ba. In ka je Barmu ka same shi yana yanka, ba zai amsa maka ba sai ya kashe. Ni na hana shi. In za ka yi hushi, da ni za ka yi.”

Ya ce, “Kai ka hana ɗanka amsa sallamata?”

Na ce, “Ni na hana shi. Wannan yatsan da ka gani na bayar, ban yi kuka da kowa ba. Na Isuhu ba zan bayar ba.”

Ya daɗe yana kallon hannun. Bai ture shi ba. Daga baya ya ce in ɗauke, ƙafarsa na ciwo. Bai ce ya fasa zuwa ba, kuma na san Yaya, zai zo. Ina jin zai zo ne daidai lokacin da ya ji injin na ƙara, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama da muryar nan tasa da ke sa mu duka mu miƙe, ya ga abin da za ka yi.

Wuyanka zai so ya juya, don ni na rene ka haka. Idonka zai so ya ɗaga. Kada ka bari. Ka dubi layinka, ka tura katakonka yadda ka faro, kada ka yi sauri don ka gama. Ka kashe, ka jira ruwan ya tsaya. In ya juya ya tafi, ka bi shi har tasha ka durƙusa masa a gaban mutane. In yana nan, ka shimfiɗa masa tabarma, ka kawo masa ruwa, shi da baƙonsa, ka saurari duk abin da zai ce kanka a ƙasa, kada ka katse shi. In ya gama ka ce, “Baba, ka yi haƙuri, injin ba na sayarwa ba ne, kuma ni ina nan.” Kada ka ƙara ko kalma a kai. In ya ce da yawuna ya zo, ba da yawuna ba ne. In ya ce zai cire hannunsa daga al'amarinka, ka ce Allah ya huci zuciyarsa, ka turo mini shi. Ni ƙanensa ne, na san yadda ake zama a ƙofarsa har ya gaji ya ce a shigo.

Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin gaggawa. Allah ya sa albarka a abin da za ka yanka da abin da za ka haɗa, ya ba ka haƙuri da manya, ya ba manya haƙuri da kai. Allah ya sanyaya zuciyar Yaya, ya ƙara masa lafiya. Allah ya sa duk ran da ka zo gida ka miƙo mini hannu, in riƙe shi in same shi cikakke.

Wassalamu alaikum.

Babanka,
Mamman